Kirari da Arashi: Sharhi a Kan Hirar Tuna Gwanayen Wasa a Ƙasar Rano

Zinyau ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rano, a kudancin Jihar Kano, can inda ƙasar Rano da ta Kibiya suke maƙwabtaka cikin duwatsu da gonakin dawa da gyaɗa. A irin waɗannan garuruwa, idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, jiki ya sami sararawa, hira takan yi tsawo, kuma da wuya ta watse ba ta bi ta kan wasa ba. Masu yin ta iri biyu ne. Akwai dattawa, waɗanda in sun tashi tuna baya sai su kama zancen dambe da kokawa: wane ya kashe wane, wane ya daɗe ana yi bayansa bai taɓa ƙasa ba. Akwai kuma samari da magidanta masu tasowa, waɗanda suka buɗe ido da rediyo da gidan kallon ƙwallo. Su tasu hirar cike take da shekaru da alƙaluma, da irin abin nan da Bahaushe yake kira arashi, watau abu biyu su faru su dace da juna ba tare da wani ya shirya ba. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma duk wanda ya taɓa zama a gefen irin wannan hira ya san cewa tuna barar shi kansa wani daɗi ne da ake nema da gangan.

Manazarta adabin baka sun yi wa waƙoƙin maza hidima gwargwado. Sa'idu Muhammad Gusau ya ware wa makaɗan maza gurbinsu a cikin rabe-raben makaɗan Hausa, Edward Powe kuma ya rubuta kundin digiri na uku a Jami'ar Wisconsin a 1984 a kan adabin da ke tattare da wasannin jarunta na Hausawa. To amma hirar da ake yi bayan an tashi daga fage ba ta sami irin wannan kulawa ba, don ana ɗaukar ta surutun majalisa. Abin da wannan sharhi yake son nunawa shi ne, hirar nan tana da tsari da ƙa'ida kamar sauran sassan adabin baka, kuma arashin da masu son ƙwallo suke tattarawa yana yi musu aikin da kirari yake yi wa ɗan dambe, sai dai bai kai kirari iya aikin ba.

Abin da waƙa ta riƙe

Sai a fara da dambe. Asalinsa wasan mahauta ne, lokacinsa kuwa kaka, sa'ad da 'yan wasa sukan fita ayari-ayari da makaɗansu suna bin garuruwa. Ƙa'idarsa ba ta da yawa. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da zare, ya bar ɗayan a buɗe ya zama garkuwa, a yi turmi uku. Wanda aka kai ƙasa, ko da gwiwa ce ko hannu ya dafa, an kashe shi ke nan. Wannan kalma ta kisa ita ce mabuɗin adabin dambe baki ɗaya. Ba wanda ya mutu, wanda aka kashe yakan tashi ya kaɗe ƙura ya koma cikin 'yan'uwansa, amma harshen wasan ya riga ya ɗora fage a bakin kabari. A kan wannan harsashi ne Muhammadu Bawa Ɗan'anace, mutumin ƙasar Gandi ta Sakkwato, ya gina waƙarsa ta Shago, wadda har yau in ana zancen waƙar dambe ita ake fara kawowa. Ya ɗauki siffofin mutuwa da lahira ya yafa wa mutum ɗaya, har ya zamana mai sauraro yana jin tsoron Shago alhali bai taɓa ganin sa ba, bai kuma san tsawonsa ko kaurinsa ba.

Idan aka auna waƙar da ma'aunin tarihi, za a ga ta riƙe abubuwa da dama: sunan gwani, da sunayen abokan karawarsa irin su Ɗandunawa, da yanayin fage, da fargabar 'yan kallo, da matsayin makaɗin kansa, wanda ba ya barin a manta cewa da bakinsa gwani ya zama gwani. Abu guda ne ta saki, shi ne shekara. Mai sauraro ba zai fita daga cikinta da sanin ranar da aka yi wata karawa ba, ko adadin damben da Shago ya yi, ko nawa ya kashe. Kuma tun da yake waƙar baka ce, kowane zama da irin yadda take fitowa, a ƙara nan a rage can, gwargwadon wurin da mutanen da ke gaban makaɗi. Abin da faifai da kaset suka adana zama ne ɗaya ko biyu daga cikin masu yawa.

Ana iya kwatanta wannan da damben zamani. An san cewa ran 24 ga Yuni 1957 ne Hogan Bassey ya doke Cherif Hamia a birnin Paris ya zama zakaran duniya a ajinsa, an kuma san cewa a watan Agusta 1963 Dick Tiger ya kare kambunsa a hannun Gene Fullmer a Badun. Ranar tana nan, wurin yana nan, yawan turmin da aka yi yana nan a rubuce. Amma a je Zinyau a ambaci sunayen nan biyu, sa'an nan a ambaci Shago, a ga wanne zai sa dattijo ya gyara zama.

Kada a ɗauka cewa rashin shekara a waƙar dambe ya samo asali daga rashin iya lissafin zamani. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1908, yana kawo sarakuna bi da bi, kowanne da adadin shekarun da ya yi yana sarauta, tun daga Bagauda. Rano kanta, da take cikin Hausa Bakwai, tana da jerin sarakunanta. Ashe ƙidaya tana nan, sai dai an keɓe ta ga sarauta da malanta. Alƙalami yana hannun malamai, su kuwa malamai ba su ga abin rubutawa a wasan mahauta ba, in ma ba su yi wa'azi a kansa ba. Saboda haka 'yan dambe suka yi wa kansu kundi da abin da suke da shi, watau suna. A bakinsu yaron da ya tashi a hannun wani gwani shi ne Shagon wane. Mai bugu da hagu Bahagon wane. Na ƙarshen yaran gida Autan wane. Akwai kuma Garkuwan wane. Bayan wannan kowa yana da ɓangaren da yake wa wasa, ko Kudu, ko Arewa, ko Guramada. Wanda ya san fagen, da jin sunan ɗan dambe ya san ubangidansa, ya san gidan da ya fito, ya kuma san tsohuwar gabar da ya gada. Wannan tsari ya fi kama da salsalar malamai, inda ɗalibi yake ambaton wanda ya karantar da shi har a dangana da wani babban shehi, kuma yana cikin abubuwan da suka fi cancantar nazari a dukkan al'adar dambe.

Hirar dattawa ta gaji wannan hali kacokan. Dattijo ba ya cewa a shekara kaza. Yakan ce zamanin wane, ko lokacin da wane yake tashe, sa'an nan ya kawo kirarin mutumin, in ya so ya kwaikwayi yadda yake shiga fage. Idan yaro ya katse shi ya ce, “Baba, a wace shekara ke nan?” amsar da zai samu ba ta wuce a ce masa ba a haife shi ba tukuna.

Abin da alƙaluma suka riƙe

Ƙwallon ƙafa kuwa da magatakardansa ya zo. Tun ranar da aka fara gasa ake rubuta wanda ya ci da yawan ƙwallayen da aka zuba, saboda haka mai hirar ƙwallo a ƙasar Kano yana da kaya a rumbu. An fara gasar Kofin Gwamna a 1945, kuma ƙungiyoyin Legas ne suka yi ta ɗauka har 1953, shekarar da 'yan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, kofin ya bar Legas karo na farko. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar lig ta ƙasa. A 1990 aka kafa Kano Pillars, ta ci lig a 2008, ta sake ci a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, bayan an yi 1 da 1 a gida aka yi 2 da 2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A 2018 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, tana gaba da ci 3 da nema, Enugu Rangers ta farke duka ukun ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Da shekara ta zagayo, a 2019, Pillars ta ɗauki kofin a Kaduna a hannun Niger Tornadoes, ita ma a bugun fenariti. A 2022 ta faɗa rukuni na ƙasa, a 2023 ta dawo.

Mai hira ba ya jera waɗannan abubuwa kamar yadda aka jera su a nan, don jeri ba ya riƙe majalisa. Abin da yake yi shi ne ya ɗauko biyu daga ciki ya gwama su. Daga 1978 zuwa 2008 shekara 30 cif, ba ɗaya sama ba ɗaya ƙasa. Fenariti ya hana Pillars kofi a bara, fenariti ya ba ta a bana. Ƙungiyar da ta fara cin lig sau uku a jere, Iwuanyanwu Nationale, daga 1988 zuwa 1990, ita ce ta sake suna ta zama Heartland, wadda ta tare wa Pillars hanya a 2009, sa'an nan Pillars ta zo ta yi nata ukun a jere. A watan Afrilu 1978 Pele na Barazil ya sa rigar ƙungiyar Fluminense ya buga da Raccah Rovers a Kaduna; a Kadunan nan ce kuma, bayan shekara 41, Pillars ta ɗaga kofi, a zamanin da gwaninta Rabi'u Ali yake amsa laƙabin Pele.

Wanda ya lura zai ga cewa arashi yana da siffa tabbatacciya a bakin masu yin sa, kuma siffar ba baƙuwa ba ce. Da tambaya ake buɗe shi, kamar kacici-kacici: wa zai faɗi shekarar da kaza ta faru? A bar majalisa ta yi ta laluben amsa, sa'an nan mai tambaya ya kawo rabin farko, ya ɗan dakata, ya kawo rabi na biyu wanda ya dace da shi. Rufewarsa kuma kusan kullum iri ɗaya ce, a ce “ka ji ikon Allah”. Wannan rufewa ita ce ta tona asirin abin. Alƙaluma su kaɗai ba su da ma'ana; 1978 shekara ce, 2008 ma shekara ce. Da aka gwama su aka ce ikon Allah, sai ƙungiyar ta tashi daga matsayin 'yan wasa goma sha ɗaya da ake biya albashi, ta koma wata aba da ƙaddara take bibiya. Abin da Ɗan'anace ya yi wa Shago da siffofin mutuwa, shi mai hira yake ƙoƙarin yi wa ƙungiyarsa da lissafin ɗebewa.

A nan ne kuma raunin abin yake. Kirari ƙirƙira ce, kowa ya san ƙirƙira ce, ba mai zuwa ya tambayi makaɗi hujjar cewa hannun wane kabari ne. Ƙarfinsa yana cikin zaɓen kalma da amon kalangu, kuma in makaɗi ba gwani ba ne nan take ake ganewa. Shi kuwa arashi da rigar gaskiya yake zuwa, alhali shi ma zaɓe ne. Shekara 30 ɗin nan ta yi kyau ne don an rufe ido ga 2012 da 2013 da 2014, waɗanda ba su dace da komai ba. Tsakanin kofin 1953 da na 2019 shekara 66 ce, kuma da a ce 65 ce ko 70 da an sami abin faɗi a kansu su ma. Wanda yake da shekaru tamanin na sakamakon wasa a gabansa, da ƙungiyoyi da 'yan wasa da garuruwa, ba zai rasa biyun da suka yi kama ba, kamar yadda mai tsintar tsakuwa a dutsen Rano ba zai rasa tagwaye ba. Gwanintar da ke ciki ta haddacewa ce da iya dakatawa a inda ya kamata, kuma ba a raina ta. Amma ba ta haifar da sabuwar magana. Arashin da aka faɗa a teburin mai shayi a Rano shi ne za a faɗa a Fagge da kalmomi iri ɗaya.

Misalin da ya fi yawo a bakin samari shi ne na Nijeriya da Ajantina. Sau shida Nijeriya ta je gasar cin kofin duniya, a biyar daga ciki, watau 1994 da 2002 da 2010 da 2014 da 2018, ta faɗa rukuni ɗaya da Ajantina, kuma duka biyar ɗin an doke ta da ratar ƙwallo ɗaya tak. Lalle abin yana da ban mamaki. Sai dai mai hira ba ya son a tuna masa cewa ƙuri'ar rarraba ƙasashe ba a sake take ba: ana raba manyan ƙasashe ɗaya ɗaya a kan kowane rukuni, ana kuma hana ƙasashen Afirka haɗuwa da juna, don haka dole Nijeriya ta faɗa hannun ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan. Wannan bai kawar da mamakin duka ba, amma ya rage masa tsawo. Abin lura shi ne yadda hirar take neman mafita daga wannan jerin kaye. Ba ta ƙarewa sai an kawo wasan ƙarshe na Olamfik na 1996, inda Nijeriya ta ci Ajantina 3 da 2, ko kuma a kawo ƙwallaye biyun da Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Pillars, ya zuba mata a 2014. Haka makaɗin dambe yake yi: ranar da gwaninsa ya sha ƙasa, in ma ta shigo waƙa, takan shigo ne don ta share fagen ramuwa.

Ba dukan arashi ne holoƙo ba. A watan Afrilu 1993 jirgin da ya ɗauko 'yan wasan Zambiya ya faɗa teku daf da Libreville ta ƙasar Gabon, ba wanda ya fita. Ƙungiyar da aka harhaɗa bayansu ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1994, Nijeriya ta ci ta 2 da 1 a Tunis. Sai a 2012 Zambiya ta ɗauki kofin karo na farko, a Libreville ɗin nan. Wannan yana da nauyi, kuma nauyinsa daga mutanen da suka mutu ya zo da waɗanda suka je bakin tekun suka yi juyayinsu kafin wasa. Ko da ratar shekarun ba ta cika wani adadi mai daɗin faɗi ba, labarin yana tsaye da ƙafarsa. Da wannan ma'auni ya kamata a riƙa tace sauran. Kayen Asaba da ramuwar Kaduna suna da wannan nauyi gwargwado, don mutanen da suka kwana da baƙin ciki a 2018 su ne suka yi murna a 2019. Shekara talatin tsakanin Raccah da Pillars kuwa ado ne kawai.

Akwai kuma inda alƙalami yake yin abin da ake zargin baki da shi. An daɗe ana rubutawa a jaridu da littattafai cewa a 1969 an tsagaita wuta a yaƙin basasar Nijeriya na kwana biyu domin a kalli Pele da ƙungiyarsa ta Santos. Zuwan Santos gaskiya ne, ta yi wasa a Legas da Binin a farkon shekarar. Amma masu binciken da suka koma ga jaridun lokacin ba su sami labarin tsagaita wutar ba. Ke nan wannan ma kirari ne, sai dai an yi masa kwanan wata. Haka nan batun shekara 12 da Pillars ta yi ba a ci ta a gida ba a wasan lig, daga 2003 har Nasarawa United ta karya abin a Kano a watan Agusta 2015. Adadin daidai ne, kuma shi ne ya cika taken nan na Sai Masu Gida. To amma mai faɗinsa ba ya ƙarawa da cewa a lig ɗin wancan lokaci cin wasa a waje abu ne mai wuya ga kowace ƙungiya, har ana yawan kuka da halin da baƙi da alƙalan wasa suke samun kansu a filayen ƙasar nan.

Wani abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, duk da wannan bambanci, da kalmomin tsohon fage ake hirar sabon. Ƙungiyoyi karawa suke yi, a lallasa wata, wata ta sha kashi, wadda ta fi kowa ita ce zakara. Kalmar kambu ma, da masu labarin wasanni na rediyo suke cewa ƙungiya ta kare kambunta, asalinta abin nan ne na fata da ɗan dambe ko ɗan tauri yake ɗaurawa a damtse. Yaron da yake faɗin ta a gidan kallo da wuya ya san cewa laya yake ambata.

Jamhuriyar Nijar ta nuna cewa ana iya haɗa hanyoyin biyu. Tun 1975, lokacin mulkin Seyni Kountché, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, kuma daga nan ake zagayawa da ita jiha jiha, wanda ya yi nasara a ba shi takobi. Da yake hukuma ce take shiryawa, akwai jerin shekaru da garuruwa da sunayen waɗanda suka ɗauka, tun daga su Salma Ɗan Rani da Kadade har zuwa Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobin fiye da kowa. Da yake kuma kokawa ce, makaɗa irin su Sagalo ba su bar fagen ba. Saboda haka mai hira a Maraɗi ko Damagaram yana iya kawo shekara ya bi ta da kirari a numfashi ɗaya, kuma in gardama ta tashi akwai inda za a koma.

Garuruwa irin su Zinyau ba su sami ko ɗaya daga cikin gatan nan biyu cikakke ba. Damben kaka da kokawar dandali ba su da kofi, ba su da magatakarda. Makaɗin da ya yi wa gwanin ƙauye kiɗa shi ma na ƙauye ne, ba kamar Ɗan'anace ba wanda gidajen rediyo suka ɗauki muryarsa suka kai ta ko'ina. Tarihin ƙwallon da samari suka haddace kuwa na birni ne, na Kano da Kaduna da Legas, in ma ba na Ingila da Sifen ba. Yaro yana iya kawo shekarun da wata ƙungiyar Turai ta ci kofi ba tuntuɓe, bai san cewa kakansa ya taɓa ɗaure hannu ba. Gwanayen irin waɗannan wurare suna zaune ne a ƙwaƙwalwar tsofaffin da suka gan su kaɗai, kuma wanda ya kalli dambe yana saurayi a farkon shekarun 1970 yau ya haura saba'in.

Ɗaliban da ake turawa ƙauyukansu su rubuta kundin kammala karatu a sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi sukan dawo da bukukuwan aure da sana'o'in gargajiya, abin da an riga an rubuta sau da yawa. Wanda ya nufi wannan fage zai tarar aikin bai kai wuyar da ake zato ba, muddin bai shiga da tambayar shekara ba. Dattijon da ba zai ce 1972 ba ya san shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama. Wanda ba zai ce 1973 ba ya san shekarar da naira ta canji fam, ya kuma san babban farin da aka yi a lokacin. Mutanen kudancin Kano suna da aikin madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Audu Baƙo, suna da kuɗin Udoji, da kisan Murtala a 1976, da canjin kuɗi na 1984. Tambayar da za ta yi aiki ita ce, lokacin da wane ya kashe wane, an fara kashe naira ko tukuna? Daga nan sai a bi sunaye: wane shagon wa ne, shi kuma ubangidan a hannun wa ya tashi, wane gari suke zuwa wasa in an gama girbi, wa yake yi musu kiɗa, da kalangu ko da ganga. In aka sami tsofaffi uku a Zinyau da biyu a Kibiya suka ba da salsala ɗaya ba tare da sun zauna wuri guda ba, to an sami abin rubutawa. In kuma suka saɓa, a rubuta ruwayoyin duka, kowace da sunan garin da aka ji ta, a kuma ɗauki kirarin da murya kafin a mai da shi takarda.